Fitilar filin masana'antarka: ta tsaron buhu ce ko ta tsaron mutum?

Yau maganar ba ta waya ba ce, ba ta kwamfuta ba ce. Ta fitilar waje ce, irin wadda ake ɗaurawa a gidajen bulo, da injinan gyaran shinkafa, da sito-sito na riɗi da zoɓo, da wuraren fasa dutse da ke kewaye da Dutse. Idan kai mai irin wannan wuri ne, ko manaja, ko mai haɗa wuta da ake kira ya ɗaura fitila, to da kai nake.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: akasarin fitilun da muke sawa a waɗannan wurare don ɓarawo muke sa su, ba don ma'aikaci ba. Ka duba da kanka. Ina fitilar take? Tana kan rufin ofis ko kan katanga. Ina ta kalla? Ƙofar shiga, ko ƙofar sito. To ina mutane suke aiki? Can gefe, tsakanin tirela da tirela, bayan tarin buhuna, kusa da bel ɗin inji. Wato inda kaya suke akwai haske, inda rai yake babu.

Kuma aikin dare a nan ba abin da za a ce a daina ba ne. A watan Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40, ba ɗan dakon da zai so ya yi lodin buhu ɗari shida da tsakar rana. Ran Litinin in an tashi daga kasuwar Shuwarin, ko ran Lahadi daga Gujungu, kayan da aka saya sai bayan magariba suke isowa sito, direba kuma yana so ya kama hanyar Kano ko ta Azare kafin asuba. Da kaka kuwa injin shinkafa ba ya kwana. Tunda dai za a yi aikin da dare, ai sai a yi maganar yadda za a ga juna.

Bari mu fara da kuskuren da ya fi yawa, wato babbar fitila guda ɗaya. Alhaji zai sayo mai ƙarfin gaske, a ɗaura ta a tsayin mita uku ko huɗu, a miƙar da fuskarta tana kallon filin kai tsaye. In ka tsaya a bayanta sai ka ce kai, wurin nan kamar rana. Amma juya ka fuskance ta. Ba abin da za ka gani sai farin haske, duk abin da ke ƙasanta da gefenta ya koma baƙi ƙirin. Idon ɗan Adam yana sabawa da haske cikin daƙiƙoƙi, amma sabawa da duhu sosai tana ɗaukarsa minti 20 zuwa 30. Saboda haka direban da fitilar nan ta dalle masa ido ta madubi lokacin da yake ribas, a wannan lokacin makaho ne. Yaron motar da ke baya yana cewa "zo, zo, zo" yana ɗauka ana ganinsa. Ba a ganinsa.

Sai maganar inuwa, kuma nan ne nake so ka ɗan nutsu, don lissafi ne mai sauƙi amma shi ne zuciyar maganar. Tirela da lodi tana kai tsayin mita 4. A ce ta tsaya mita 10 daga gindin sandar fitila. In fitilar tana tsayin mita 6, inuwar da tirelar za ta jefa a bayanta tsawonta mita 20 ne. In ka ɗaga fitilar zuwa mita 10, inuwar ta dawo ƙasa da mita 7. In kuwa fitilar tana mita 4 ko ƙasa da haka, to inuwar ba ta da iyaka, duk abin da ke bayan motar har katanga duhu ne. Ka ga ke nan ƙarfin fitila bai taɓa wannan lissafi ba. Ko ka ninka ƙarfinta sau goma inuwar tana nan daram, sai ma ƙara baƙi da za ta yi a ido, saboda gefen da ke da haske ya ƙara haske. Tsayi ne yake rage inuwa, sai kuma fitila ta biyu daga ɗaya ɓangaren wadda za ta cike inda ta farko ba ta kai ba.

Shi ya sa na fi yarda da fitilu huɗu ko shida matsakaita a kan guda ɗaya babba, ko da kuɗinsu ɗaya. A sa su sama, a sunkuyar da fuskarsu ƙasa. Masu aikin fitilun waje suna cewa kada tsakiyar hasken ya wuce digiri 70 daga ƙasa tsaye. In ba ka da abin auna wannan, ga hanya: je ka tsaya inda direba yake juya mota. In kana iya ganin ƙwayoyin fitilar suna huda maka ido, to ta miƙe da yawa, a sunkuyar da ita.

To haske nawa ne ya isa? Mu Hausawa mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ido yana ruɗar mutum, don haka gara mudun. Sunan mudun haske luks. Farin wata in ya cika bai kai luks ɗaya ba. Teburin ofis ana so ya samu 500. Ƙa'idar Turai ta wuraren aiki na waje, EN 12464-2, ta ce hanyar da mutane kaɗai ke bi da ƙafa ta samu luks 5, inda motoci ke tafiya a hankali 10, hanyar motoci ta yau da kullum a cikin fili 20, wurin juya mota da lodi da sauke kaya kuwa 50. Ta kuma ce a wurin lodi, inda ya fi duhu kada ya gaza kashi 40 cikin 100 na matsakaicin hasken wurin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda fitila guda ɗaya ba za ta taɓa cikawa ba. A gindinta kana iya samun luks 300, bayan mota ka samu 1.

Ba sai ka sayi na'ura ba kafin ka fara. Yawancin wayoyin Android suna da ɗan abin jin haske a saman fuska, wanda yake rage ko ƙara hasken allon waya. Shiga Play Store ka sauke manhajar auna luks, suna nan da yawa kyauta. Bayan isha'i, lokacin da motoci suke tsaye a inda suka saba tsayawa, ka ajiye wayar a ƙasa fuskarta sama, ka matsa don kada inuwarka ta rufe ta, ka rubuta lambar. Yi haka a wuri goma ko sha biyar: bakin sito, tsakanin motoci, gindin tsani, hanyar banɗaki, wajen famfon alwala, ƙofar ɗakin janareta. Lambar waya ba daidai take cif-cif ba, amma ta isa ta nuna maka cewa nan ya ninka can sau hamsin. Kada ka auna filin yana wayam babu mota, za ka yaudari kanka ne.

Yanzu mu zo kasuwa, inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Za ka ga kwalin fitilar sola an rubuta 500W, 1000W, har 2000W, kuma duk abin ka ɗauke shi da hannu ɗaya. Malam, wannan lamba suna ce kawai, ba ƙarfi ba ce. Abin da zai gaya maka gaskiya batir ne. Ɗauki misali wadda batirinta ya ce 3.2V da 20Ah. Ninka su, ka samu 64, wato wat 64 na awa ɗaya. Daren Dutse kusan awa 12 ne, ya ɗan ragu da damina ya ɗan ƙaru da hunturu. Raba 64 gida 12, ka ga wat 5 da ɗoriya ke nan. Ko da ƙwayoyin LED ɗin masu kyau ne suna ba da lumen 150 a kowane wat, jimla lumen 800 ne, daidai da ƙwan fitilar ɗakin kwananka. To ta yaya take haske sosai da magariba? Saboda tana zuƙe batirin a awa biyu ko uku na farko, daga nan ta dinga dishewa. Ƙarfe uku na dare, lokacin da gajiya da barci suka fi kama ma'aikaci, ita ma ta yi barci.

Ba cewa nake sola ba ta da amfani ba. Jigawa Allah ya hore mana rana. Cewa nake ka daina tambayar "wat nawa ce", ka koma tambayar lumen nawa, batir nawa, farantin nawa. Mai shagon da ya kasa nuna maka waɗannan a jikin kaya, ka wuce shago na gaba. Araha ba ta ado.

Ga lissafin fili na gaske. A ce wurin lodinka mita 30 ne a mita 20, wato murabba'in mita 600. Luks ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, don haka luks 50 yana buƙatar lumen 30,000 su sauka a ƙasa. Kusan rabi yana tafiya a iska da katanga da ƙurar da ke kan gilashi, saboda haka nemi 60,000. Fitilar LED mai wat 100 ta gaskiya takan ba da lumen 10,000 zuwa 13,000. Guda shida sun isa, wat 600 ke nan. In sun kwana a kunne awa 12 sun ci yunit 7.2. Ko da a farashin Band A da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kuɗin bai kai naira 1,700 a dare ba. Kwatanta wannan da kuɗin ɗorin ƙafa guda, ko da lodin da zai tsaya saboda an tafi da mutum asibiti.

Na san abin da za ka ce: ai wutar ce babu. Gaskiya ne, kuma nan ne maganar tamu ta bambanta da ta littattafan Turawa. Su sun rubuta ƙa'idarsu ne a kan cewa wuta tana nan. Mu kuwa a Oktoban 2024 akasarin Arewa, har da yankin KEDCO da ya haɗa Kano da Katsina da Jigawa, sai da ya yi fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Ko a ranakun lafiya ma ɗaukewa ba ta sallama. Saboda haka a wurinmu lokaci mafi haɗari ba lokacin da fitila take kunne ba ne, ba kuma lokacin da aka san babu wuta aka kama tocila ba. Ɗan tsakanin nan ne, daga ɗauke wuta zuwa tashin janareta. Minti ɗaya ne ko biyar. A cikinsu akwai mutum a saman tirela da buhu mai kilo 100 a ka, akwai bel da bai gama juyawa ba, akwai tifa a tsakiyar ribas, kuma duk idanunsu sun saba da haske. Sai kawai ɗif.

Don haka tsarin da nake ba da shawara kashi biyu ne. Manyan fitilun lodi su zauna a kan wutar gari da janareta, a kunna su lokacin lodi kawai. In awa huɗu ake yi, yunit 2.4 ne, ƙaramar inbata ma za ta iya riƙe su. Sannan a samu ƙananan fitilu masu batirin kansu, waɗanda ba ruwansu da ɗauke wuta, a kan hanyoyin ƙafa, da gindin tsani, da kan kowane inji mai juyawa. A nan ne fitilar sola mai lumen 800 ɗin nan da muka kushe take da amfani, don luks 5 ko 10 kawai ake nema daga gare ta. In kuɗinka na guda ɗaya ne tak, to ka ɗaura ta a ƙofar ɗakin janareta. Abin mamaki ne yadda wurin da kowa yake rugawa in an ɗauke wuta shi ne ya fi ko'ina duhu, ga jarkokin man gas a ƙasa, ga wayoyi. In kuma har yanzu kana amfani da tsofaffin fitilun nan masu ƙwan gas da sai sun yi zafi suke haske, ka sani in wuta ta ɗan ƙifta sai sun huce na mintuna kafin su sake kamawa. LED nan take take tashi. Wannan kaɗai ya isa dalilin canzawa.

Wani abu game da fitilun sola: yawancinsu suna zuwa da abin jin motsi, su dishe in ba kowa, su haska in an gifta. A jikin katanga wannan ya yi, mai gadi ma yana jin daɗinsa. A wurin aiki kuwa kashe shi da rimot, ka bar ta a haske ɗaya. Mutumin da ya tsuguna yana ɗinkin bakin buhu ba ya motsin da za ta ji, sai ta dishe a kansa daidai lokacin da mota take tahowa.

Sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana kwanciya a kan farantin sola da kan gilashin fitila, a ci ka ta gaba da baya: caji ya ragu, hasken da ya fito ma ya ragu. A gidan bulo da wurin fasa dutse kuwa kullum hunturu ne. Ka sa yaro ya dinga gogewa da jiƙaƙƙen tsumma duk mako, da sassafe kafin farantin ya yi zafi. Wajen saye nemi wadda aka rubuta IP65 ko IP66, lambar 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun ta ruwa ce. Batir kuwa nemi LiFePO4, ya fi jure zafinmu. Game da launi, an fi son farin nan tas mai 6500K saboda yana kama da ya fi haske. Ni na fi son 4000K. A cikin hazo fari mai shuɗi-shuɗi ya fi watsuwa ya kashe ido, kuma ya fi tara ƙwari. In sitonka na riɗi ne ko shinkafa, kada ka ɗaura fitila daidai kan ƙofa. Sa ta a sanda can gefe tana hasko ƙofar, ƙwarin su taru can.

Tunda an ambaci ƙwari: inda hatsi yake akwai ɓera, inda ɓera yake akwai maciji. Kububuwa da dare take yawo, tana son wuri mai duwatsu, kuma garin nan sunansa ma ya faɗa maka abin da ke cikinsa. Mai gadi da silifas, hanyar banɗaki ba fitila. Ba sai na ƙarasa ba.

Akwai wata matsala da ba a cika sani ba, ta masu injin shinkafa da injin markaɗe da na fasa dutse. Fitilar LED mai arha tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, saboda wutarmu mai zagaye 50 ce. Ido ba ya ganin ƙiftawar, amma in saurin fanka ko na bel ya yi daidai da ita, sai abin ya zama kamar a tsaye yake ko yana tafiya a hankali, alhali yana gudu. Da rana ƙarar injin takan tuna maka. Da dare, ga janareta na ruri, ga gajiya, mutum yana iya kai hannu. Gwajin ba wuya: buɗe kyamarar wayarka a tsarin bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka nuna wa fitilar. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu ko hoton yana rawa, to wannan ba ta kan inji ba ce, kai ta jikin katanga.

Inda akwai buntun shinkafa da ƙurar gari, a raba su da fitilar halojin mai zafin nan da ƙwai mai filamen, gilashinsu yana zafin da zai iya kunna busasshen abu. Inda akwai fetur kuwa magana ta wuce haka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin kwata, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Mu 'yan Jigawa ba ma buƙatar a ba mu labari, tankar da ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura cikin dare a Oktoban 2024 ta ci rayuka sama da 150, Allah ya jiƙansu. A wurin sauke mai, fitila da makunninta da soket duk sai na musamman waɗanda aka rufe don kada su fitar da tartsatsi, ko kuma a kafa sandar can nesa a hasko wurin. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba ta da gurbi a nan.

Ga masu haɗa wuta, 'yan'uwana, abu biyu nake roƙo. Sandar ƙarfe a ba ta wayar ƙasa ta gaske, a kuma sa wa layin fitilun waje na'urar da ke katse wuta in ta ji yoyo, mai 30mA. Da damina mutum zai jingina da sandar nan ƙafarsa a cikin ruwa. Na biyu, ka daina karɓar aiki da rana ka tafi da rana. Dawo bayan magariba ka saita fuskokin fitilun motoci na tsaye, ka sa kuɗin wannan dawowar a cikin lissafinka tun farko.

Wani zai ce ai ba wanda ya tilasta masa. To akwai. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta isasshen haske da ya dace a duk inda ma'aikata ke aiki ko wucewa a cikin masana'anta, kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta shafi raunin da aka ji a bakin aiki. Sai dai mai dubawar da ya zo ƙarfe goma na safe ba abin da zai gane game da fitila, zai gan ta a rataye ne kawai. Yawancin 'yan dako kuma ba sunansu a takardar albashin kowa, kuɗin buhu ake biyansu. In abu ya faru akan ce tsautsayi ne, a yi jaje, a ba da na magani. Ni ban musa ƙaddara ba. Amma inuwar mita 20 a bayan tirela ba daga sama ta faɗo ba, wani ne ya zaɓi tsayin sandar.

Maganar satar batir da farantai ma ta gaskiya ce, kuma ita ce take sa wasu su ƙi saye. Amma dubi yadda abin ya zo daidai: sandar mita 8 ko 10 da ta rage inuwa ita ce kuma ta fi wuyar hawa. A yi wa notocin walda, batirin ya zauna can sama tare da fitilar.

In aljihu bai kai ga sanduna yanzu ba, akwai abin yi a makon nan. Sunkuyar da babbar fitilar da kake da ita, ka ƙara mata tsayi da bututun ƙarfe gwargwadon iko. Sayi riguna masu ƙyallin nan da 'yan gyaran titi ke sawa, ka fara da yaron da ke yi wa direba jagora a baya, ka haɗa masa da tocila a hannu, direba kuma ya san in ya daina ganin tocilar a madubi sai ya taka birki. Shafa farin fenti ko farar ƙasa a bakin kwata da gefen dakalin lodi da matakalar tsani, fari yana dawo da ɗan hasken da ya samu. Masu hawa saman lodi a ba su tocilar goshi, hannu biyu na buhu ne.

Wanda ya auna filinsa ya turo mana lambobin da tsayin sandarsa da faɗin wurin, za mu yi lissafin tare, mu ga fitila nawa yake buƙata da inda ya kamata su tsaya.